Makiyayin Da Ya Yi Ta Neman Gudu: Tarihin Fada Yohanna Vianney Na Ars

Kowace shekara, ran 4 ga watan Agusta, Ikilisiyar Katolika takan tuna da wani Fada na ƙauye, mutumin ƙasar Faransa, mai suna Yohanna Mariya Vianney. Waɗanda suka san Barikin Ladi a Jihar Filato sun saba jin sunan nan, gama shi aka sa wa ƙaramar seminarin da ke can. Amma sanin suna dabam, sanin mutum dabam. In an tashi ba da labarinsa, akan faɗi taron jama'ar da suka riƙa zuwa wurinsa, da tsananin azuminsa, da al'ajiban da mutane suka shaida. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, bawan Allahn nan ya yi shekara 41 a ikilisiya ɗaya, kuma yawancin shekarun nan roƙo yake yi a sallame shi. Har sau uku ya kama hanya da dare zai gudu. Wannan ne muke so mu duba tare da ku yau.

An haife shi ran 8 ga watan Mayu 1786 a ƙauyen Dardilly, kusa da birnin Liyon. Iyayensa manoma ne, shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida. Yana ɗan shekara uku aka yi babban juyin juya halin Faransa na 1789, ba da daɗewa ba kuma sabuwar gwamnati ta ce kowane firist sai ya rantse zai bi tsarin da ta yi wa Ikilisiya. Waɗansu suka rantse, waɗansu suka ƙi. Waɗanda suka ƙi aka shiga farautarsu, aka kori waɗansu daga ƙasar, aka kashe waɗansu, daga baya ma aka rufe majami'u. Firistocin da suka rage suka ɓad da kama, wani ya zama kamar kafinta, wani kamar mai dafa abinci, suna yawo gida gida a ɓoye. Iyalin Vianney sukan fita cikin dare su yi tafiya mai nisa domin su sami Misa a rumbun wani manomi. A shekarar 1799, yana da shekara 13, ya karɓi Jibin Ubangiji na fari a wani gida a garin Ecully, an jera amalanken ciyawa a bakin tagogi ana ta saukewa, don kada masu wucewa su ga hasken kyandir. Firistocin da yaron nan ya fara gani a rayuwarsa ke nan, mutanen da za a iya sare wa kai saboda sun zauna tare da tumakinsu.

Da Napoliyon ya shirya da Paparoma a 1801 aka sāke buɗe majami'u, sai Yohanna ya gaya wa mahaifinsa yana so ya zama firist. Uban bai yarda nan da nan ba, gama gona tana bukatar hannu, kuɗin makaranta kuma babu. Sai a 1806, yana da shekara 20, ya shiga 'yar makarantar da Fada Charles Balley ya buɗe a Ecully. Nan wahala ta fara. A zamanin nan ba a zama firist sai da harshen Latin, shi kuwa ko Faransanci na makaranta bai ƙware ba, hannunsa ya fi sabawa da fartanya. Yakan haddace kalmomi da dare, gari ya waye sun zube. 'Yan ajinsa yara ne ƙanana, waɗansu suna yi masa dariya. An ce wata rana wani yaro mai suna Mathias Loras, wanda yake taimakonsa da darasi, ya gaji ya kwaɗa masa mari a gaban sauran. Ƙaton saurayin nan bai rama ba, sai ya durƙusa yana roƙon yaron gafara saboda taurin kansa, har yaron ya fashe da kuka. Loras ɗin nan daga baya ya zama Bishop a Dubuque ta ƙasar Amurka. Da abin ya yi wa Yohanna yawa ya so komawa gona, Fada Balley ya hana shi. Ya yi tafiyar kusan kilomita 100 a ƙasa, yana bara a hanya, zuwa kabarin Waliyyi Francis Regis a La Louvesc, yana roƙon Allah ya ba shi Latin ɗin da zai ishe shi kawai.

Akwai wani sashe na tarihinsa da masu son yabo sukan tsallake, mu kuwa ba za mu tsallake ba. A 1809 aka kira shi soja, gama Napoliyon yana yaƙi a Sifen. Ya kamu da ciwo, aka kwantar da shi a asibiti, da ya warware aka sa masa ranar tashi daga garin Roanne. Ya shiga majami'a yin addu'a, kafin ya fito rundunarsa ta wuce. Aka ce ya bi su a baya. A hanya ya gaji, ya haɗu da wani mutum wanda ya kai shi wani ƙauyen kan dutse mai suna Les Noës, inda waɗanda suka guje wa soja suke ɓuya. Can ya zauna fiye da shekara guda da sunan aro, Jerome Vincent, yana koya wa yara karatu, yana ɓuya cikin ciyawa in jandarmomi sun zo. A gida kuwa hukuma tana matsa wa mahaifinsa. Abin bai warware ba sai da aka yi afuwa a 1810, ƙanensa kuma ya shiga soja a madadinsa. Ƙanen bai ƙara dawowa gida ba. Mahaifiyarsu ta rasu a 1811, 'yan makonni bayan dawowar Yohanna. Ko da niyya ya gudu, ko tsautsayi ne ya ja shi, masu tarihi ba su zama baki ɗaya ba. Amma a ganinmu, mutumin da ya san wani ya tafi ya mutu a gurbinsa ba zai taɓa ɗaukar ransa da sauƙi ba.

Ya shiga babbar seminari ta Liyon a 1813. Darasi duka da Latin ake yi, bai fahimci kome ba, cikin 'yan watanni aka sallame shi. Fada Balley ya sāke ɗaukarsa, ya koya masa tauhidi da Faransanci a gida, ya roƙa a zo a yi masa jarrabawa a inda ba zai firgita ba. Babban Bishop na Liyon ba ya nan a lokacin, sai maganar ta je gaban wakilinsa, Fada Courbon. Shi kuma bai tambayi maki ba. Ya tambaya ko saurayin mai ibada ne, ko yana ƙaunar Budurwa Maryamu, ko ya iya jan Rosari. Da aka ce masa i, sai ya ce a naɗa shi, alherin Allah zai cika sauran. Kada mu manta kuma, bayan shekarun tsanani Faransa tana ƙarancin firistoci ƙwarai, wataƙila da ba haka ba da ba a karɓe shi ba. Aka naɗa shi firist ran 13 ga watan Agusta 1815 a Grenoble, yana da shekara 29, amma aka hana shi sauraron furta zunubi na ɗan lokaci, don ana ganin iliminsa bai kai ba. Ku riƙe wannan a zuciya, gama za mu komo kansa.

Ya yi wa Fada Balley mataimaki har tsohon ya rasu a ƙarshen 1817. A watan Fabrairu 1818 aka tura shi Ars, wani ɗan ƙauye mai mutum wajen 230, kimanin kilomita 35 arewa da Liyon. Wurin ma bai kai cikakkiyar ikilisiya ba sai a 1821. Irin wurin da akan tura wanda ba a san inda za a kai shi ba ne. Fada Courbon ya gaya masa babu ƙaunar Allah da yawa a can, shi ne zai kai musu. Ya taho a ƙasa, hazo ya rufe, ya ɓata hanya, sai wani yaro makiyayi mai suna Antoine Givre ya nuna masa. Ya ce wa yaron tun da ya nuna masa hanyar Ars, shi kuma zai nuna masa hanyar sama. An kafa mutum-mutumin su biyu a wurin da suka haɗu.

Mutanen Ars ba mugaye ba ne fiye da na sauran ƙauyuka. Sun tashi ne a zamanin da babu mai koya musu, saboda haka addini ya zama musu abin tsofaffin mata. Ran Lahadi maza suna gona ko suna mashaya, gidajen giya huɗu ne a ɗan ƙauyen nan, saɓo kuwa ya zama kamar gaisuwa a bakinsu. Sabon Fada bai fara da faɗa ba. Ya bi gidaje ɗaya ɗaya da tsakar rana, lokacin da iyali suke cin abinci, yana tsaye yana tambayar lafiyar shanu da yadda alkama ta yi, gama shi ma ɗan manomi ne, ya san zancen. Ya koyi sunan kowane yaro. Kayan ɗakin da mai gidan sarautar ƙauyen ta ba shi aro ya mayar, katifarsa ya ba wani matalauci. Tun kafin asuba maƙwabta sukan ga fitila ta ratsa maƙabarta zuwa majami'a, yana can a durƙushe gaban bagade yana kuka, yana roƙon Allah ya juyo da mutanensa, shi kuwa ya yarda ya sha kowace irin wuya. Abincinsa dankalin Turawa ne, yakan dafa tukunya guda ya yi kwanaki yana ci har ya yi funfuna. Da ya tsufa shi da kansa ya kira wannan wautar ƙuruciya, saboda haka ba mu kawo shi nan don wani ya kwaikwaya ba.

Wa'azi ya zame masa azaba. Yakan kwana a ɗakin shiri na bayan bagade yana rubutu, shafi bisa shafi, sa'an nan ya haddace da ƙarfi, ran Lahadi kuma wani lokaci ya tsaya a tsakiya abin ya ɓace masa, ya sauko ba tare da ya ƙarasa ba. Sai daga baya, da aiki ya hana shi lokacin shiri, ya fara magana daga zuciya da misalan gona da na tsuntsaye da na kifi cikin ruwa, nan ne mutane suka fara kasa kunne da gaske. Har shahararren mai wa'azin nan na Faris, Fada Lacordaire, ya zo Ars a 1845 ya zauna ya saurare shi.

Sannu a hankali gidajen giyan nan huɗu suka rufe saboda rashin masu saye, aikin Lahadi ya ragu. Amma yaƙin da ya fi daɗewa shi ne na rawa, wanda ya ɗauke shi shekaru masu yawa. A ganinsa raye-rayen dare su ne ƙofar lalacewar 'yan mata da samari. Wata rana ya tare mai goge a hanya, ya tambaye shi nawa za a biya shi, ya ba shi kuɗin ya ce ya koma gida. A ƙofar ɗan ɗakin addu'a da ya gina da sunan Yohanna Mai Baftisma ya sa aka rubuta cewa kan annabin nan ladan rawa ne. Ya kai ga hana waɗansu gafara a wurin furta zunubi watanni da yawa, har sai sun daina. A nan, 'yan'uwa, dole mu faɗi gaskiya: a shekarunsa na fari ya yi tsanani fiye da kima. Haka aka horar da firistocin Faransa a lokacin, da tsoron shari'a fiye da begen jinƙai, wa'azinsa na fari kuma cike yake da zancen wuta. Abin da ya sa muke girmama shi shi ne bai tsaya nan ba. Bishop ɗinsa, Devie na Belley, ya yaɗa koyarwar Waliyyi Alfonsus Liguori mai sassauci ga masu tuba, shi kuma zaman shekara da shekaru yana jin kukan masu zunubi ya tausasa shi. A ƙarshen rayuwarsa zancensa kusan duka ƙaunar Allah ne. Yakan ba mai babban laifi ɗan ƙaramin aikin tuba, ya ce sauran shi zai yi a madadinsa.

Ba kowa ya ji daɗin gyaran nan ba. Waɗansu suka ƙulla masa sharri cewa shi ne uban jaririn da wata budurwa ta haifa kusa da gidansa. Aka riƙa watsa ƙazanta a ƙofarsa, ana yi masa waƙar zambo da dare, aka aika wa Bishop takardu marasa suna, har aka turo a yi bincike. Ba a sami kome ba. Bai kai ƙarar kowa ba, bai kuma yi wa'azi a kansu ba.

A 1824 ya buɗe makarantar 'yan mata kyauta, wadda ya kira La Providence, wato Tanadin Allah. Ya tura 'yan matan ƙauyen biyu, Catherine Lassagne da Benoîte Lardet, suka koyo aikin koyarwa da kuɗinsa. Ba da jimawa ba gidan ya zama na marayu, har yara suka kai wajen 60, ba shi da wani asusu sai abin da Allah ya kawo. A nan yakan koyar da katikisma kowace rana da ƙarfe 11. Gidan nan shi ne farin cikin ransa, amma a 1848 aka sa ya miƙa shi ga Sistoci na Waliyyi Yusufu. Ya yi biyayya, ko da yake abin ya yi masa zafi ƙwarai.

Yanzu mu koma ga maganar da muka ce ku riƙe. Mutumin da aka hana sauraron furta zunubi saboda ƙarancin ilimi, shi ne ya zama wanda Faransa duka take zuwa ta durƙusa a gabansa. Abin ya faro ne sa'ad da yake zuwa taimakon maƙwabtan ikilisiyoyi a lokacin wa'azin farkawa, mutane suka ga yana gane abin da ke zuciyarsu, wani lokaci ma ya tuna wa mutum zunubin da ya ɓoye. Daga wajen 1830 baƙi suka fara kwararowa. Ga yadda yininsa yake: yakan tashi wajen ƙarfe 1 na dare, ya buga ƙararrawa, ya shiga ɗan ɗakin katakon nan ya fara sauraron mata. Da safe ya yi Misa, sa'an nan ya saurari maza. Ƙarfe 11 katikisma, da tsakar rana ya ɗan sa wani abu a baki a tsaye, ya gaida marasa lafiya, ya koma. Da sanyi yakan yi awa 11 ko 12 a ciki, da zafi har awa 16. Lokacin ɗari ƙafafunsa sukan daskare, lokacin zafi kuma iska ta ƙare a ɗakin. Mutane sukan yi kwana biyu ko uku a layi. A tashar jirgin ƙasa ta Liyon sai da aka keɓe wurin sayar da tikitin Ars mai aiki kwana takwas, a shekarunsa na ƙarshe kuma masu zuwa sun kai dubun dubbai kowace shekara. 'Yan awoyin da suka rage masa na barci ma, shi da maƙwabtansa sun shaida ana jin buge-buge da ƙara a ɗakinsa shekaru da yawa. Ya ce Shaiɗan ne, har ya laƙaba masa suna yana yi masa ba'a, ya kuma lura cewa in damun ya yi yawa da dare, kashegari wani babban mai zunubi zai zo tuba. Warkarwar da aka samu kuwa bai taɓa yarda a jingina masa ba.

'Yan'uwansa firistoci ba su ji daɗi ba. Waɗansu suka hana mutanensu zuwa Ars. Wani matashin Fada ya rubuta masa cewa mai ɗan tauhidi kamar nasa bai kamata ya shiga ɗakin furta zunubi ba. Ya amsa masa da godiya, ya ce shi kaɗai ne ya san shi sosai, ya roƙe shi ya taimaka a sallame shi. Aka zaga da takardar ƙara zuwa ga Bishop, ta faɗo hannunsa, sai ya sa hannu shi ma ya aika. Kada mu ɗauka wasa yake yi ko dabara. Ya gaskata abin da suka faɗa. Bishop Devie ne ya kashe maganar, da ya ji ana kiransa mahaukaci ya ce da ma dukan firistocinsa su sami ɗan kaɗan daga irin haukan nan.

To, me ya sa mutumin da ake tururuwa wurinsa haka yake neman gudu? Ba gajiya kaɗai ba ce. Tsoro ne. In kun karanta Ezekiyel sura 33, za ku ga yadda Ubangiji ya ɗora alhakin jinin mutane a kan mai tsaron da bai busa ƙaho ba, Ibraniyawa 13:17 kuma ta nuna shugabannin Ikilisiya za su ba da lissafin rayukan da aka danƙa musu. Mu mukan karanta mu wuce. Fada Vianney ya ɗauke su a zahiri. Yakan ce ba ya so mutuwa ta same shi yana Fada mai ikilisiya, abin da yake marmari shi ne ya sami wani lungu ya yi kuka a kan rayuwarsa, ya shirya saduwa da Allah. Ya rubuta wa Bishop bayan Bishop yana roƙo, ba wanda ya yarda.

Gudu na fari a 1840 ne. Ya fita da dare shi kaɗai, ya kai wani gicciye da ke bakin hanya, ya tsaya. Sai tambaya ta zo masa, ko wannan nufin Allah ne, ko kuwa tuban rai guda bai fi dukan addu'ar da zai yi a kaɗaici ba. Ya juya, ba wanda ya ma sani sai da ya faɗa daga baya. Na biyu a 1843, bayan ciwon huhu da ya kusa kashe shi. A watan Satumba ya sulale ya tafi gidansu a Dardilly wurin ɗan'uwansa. Cikin 'yan kwanaki masu neman furta zunubi suka gano inda yake, suka cika ƙofar gidan, Ars kuwa ta yi tsit kamar an yi mutuwa. Bayan kamar mako guda ya komo, aka buga ƙararrawa, manoma suka bar gona suka taru suna kuka.

Na uku shi ne mai ban tausayi. A watan Satumba 1853, yana da shekara 67, ya shirya zai tafi wani gidan addu'a da kaɗaici da tsohon abokin karatunsa, Fada Colin, ya buɗe. Ya gaya wa Catherine Lassagne a asirce, asirin kuwa bai ɓoyu ba. Da tsakar dare ya fito da ɗan ƙunshinsa, sai ga mutane a ƙofa. Sabon mataimakinsa, Fada Toccanier, ya bi shi yana ba shi magana, aka yi dabara aka ce ya bar littafin addu'arsa, dole aka koma ɗauka. Kafin nan an buga ƙararrawar gobara. Mazan ƙauyen suka fito da fitilu da sanduna, waɗansu da bokitin ruwa, suna tsammani wuta ce, baƙin da suka kwana a layi kuma suka zube a gabansa suna roƙo ya saurare su kafin ya tafi. Tsohon ya tsaya yana dubansu. Sa'an nan ya juya ya shiga majami'a, ya durƙusa ya yi kuka mai tsawo, ya tashi ya shiga ɗakin katakonsa. Kashegari da aka tuna masa, ya ce ya yi halin yara ne. Bai ƙara gwada gudu ba.

Mun san labarin Yunusa wanda ya gudu don ba ya so Nineba ta tsira. Wannan kuwa ya gudu ne don yana ganin bai isa ya tsaya tsakanin Allah da mutane ba, kuma duk sau ukun abin da ya komo da shi ɗaya ne, wato rayukan da ke jiransa. Ba a ba shi wata sabuwar tabbatarwa cewa ya cancanta ba. Da tsoronsa ya koma, da shi kuma ya ci gaba da aiki shekara shida da suka rage masa. Mu da muke saurin auna Fada ko Pasto da yawan digirinsa da daɗin Turancinsa, mukan kuma yi gunaguni in an turo mana wanda ba ya burge mu, da wuya mu san irin nauyin da mutumin yake kwana da shi saboda mu.

Girma ya zo masa a ƙarshe, bai san abin da zai yi da shi ba. A 1852 Bishop Chalandon ya yafa masa alkyabbar girmamawa a gaban jama'a, ya tsaya kamar wanda za a rataye, daga baya ya sayar da ita faran 50 ya sa kuɗin a aikin taimako, ya kuma rubuta wa Bishop ya gaya masa. A 1855 gwamnatin Napoliyon na Uku ta ba shi lambar girma ta ƙasa, da ya ji babu kuɗin da za a ba matalauta a ciki sai ya ce ba ya bukata. A shekarun nan ne kuma, ran 8 ga watan Disamba 1856, a birnin Liyon ɗin nan da aka taɓa korarsa daga seminari, Bishop de Marion Brésillac ya kafa ƙungiyar SMA, wadda Fadanninta suka iso Shendam a 1907 suka kafa aikin Katolika a can.

A ƙarshen watan Yuli 1859 aka yi zafi mai tsanani. Ran 29 ga wata ya yi yininsa kamar kullum a ɗakin furta zunubi, yana suma yana farfaɗowa. Da dare ya kasa tashi, ya ƙwanƙwasa aka zo, ya ce a kira masa Fada na Jassans, wanda yake sauraron nasa furcin. Mutanen ƙauyen suka riƙa jiƙa manyan zannuwa suna shimfiɗawa a kan rufin gidan don ɗakin ya yi sanyi. Da aka kawo masa Jibin Ubangiji ya yi hawaye, ya ce Allah mai alheri ne, in mun kasa zuwa wurinsa shi yakan zo wurinmu. Ya rasu wajen ƙarfe 2 na daren Alhamis, 4 ga watan Agusta 1859, yana da shekara 73, yana nan Fada na Ars, abin da ya yi ta roƙo kada ya faru. Firistoci wajen 300 da mutane wajen 6,000 suka zo jana'izarsa. Paparoma Pius na 11 ya sa shi cikin waliyyai ran 31 ga watan Mayu 1925, a 1929 kuma ya naɗa shi majiɓincin dukan firistoci masu kula da ikilisiya. Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya ziyarci Ars a 1986, shekara 200 da haihuwarsa. Gawarsa tana nan a babbar majami'ar da aka gina a jikin tsohuwar, masu ziyara kuma sukan shiga ta tsohuwar ƙofa, su wuce ta gaban ɗakin katakon kafin su kai wurinta.